Dogon Jirgin Mutanen Tunga

Da sunan Allah nake farawa, wanda ya shimfiɗa ƙasa ya kewaye ta da ruwa, ya ajiye wa kowane mai rai abincinsa inda ya ga dama. Ku gyara zama ku ji abin da ya same ni a gaɓar Tekun Dalma, ni Mantau ɗan Barmo, jikan masunta, wanda kogin garinsu ya ƙafe ya bar shi da taru a kafaɗa.

Shekarar da kogin namu ya koma rairayi, na ɗauki gorana na ninkaya da tarun mahaifina na nufi mafaɗar rana, don na ji matafiya suna cewa can ƙarshen ƙasa akwai ruwan da ba ya ƙafewa. Na ratsa Fadamar Gishiri, inda takalmi yake narkewa a ƙafar mai shi. Na keta Dajin Kurame, inda tsuntsu zai buɗe baki ba a jin kukansa, har ni ma na gwada kira ban ji muryata ba. Da na fito daga dajin sai iska ta kawo mini ƙarni, na san na iso.

Amma ban ga teku ba. Laka na gani, baƙa ƙirin, shimfiɗe iyakar ganin ido, can nesa kuma wani siririn abu yana ƙyalli kamar zare. Ɗoki ya hana ni neman wanda zan tambaya, na tsunduma. Ban yi nisa ba lakar ta riƙe ni zuwa gwiwa, jim kaɗan ta kai ƙugu. Ina cikin fama sai na ga ƙasa tana motsi kewaye da ni. Ƙaguwoyi ne suke fitowa daga ramuka, kowace ta kai turmi, suna buɗe hannuwa masu kama da awartakin maƙeri.

"Kada ka motsa, baƙo," in ji wata murya a bayana. "Motsi suke bi."

Na daskare. Wata dattijuwa ce ta sulalo a kan faffaɗan katako, gwiwa ɗaya a kai, tana tura laka da ɗaya ƙafar. Ta zaro ruɓaɓɓun kawunan kifi daga kwando ta wurga nesa, ƙaguwoyin suka ruga can. Sannan ta kama ni a wuyan riga ta jawo ni kan katakon kamar buhu.

Sunanta Tabawa, mai gyaran taru ce a Tungar Maje, wani ƙauyen masunta. Mijinta ya rasu, tana zaune da wanta Cindo, wanda shi ne Sarkin Ruwan tungar. Da muka isa na ga ɗakunansu a kan dogayen turaku, irin na mutanen da suka saba ruwa ya bi ta ƙarƙashinsu, amma babu komai a ƙasa sai busasshiyar laka. Ƙofofi da yawa a ƙulle. Wuraren bandar kifi duk sun huce, kaji suna kwana a ciki.

Bayan na sha ruwa na huta, na tambayi Cindo inda mutane suka tafi.

"Samarinmu suna Birnin Dalma, suna jan igiya a jiragen masu hali," in ji shi. "Ka ga turken nan? Ina yaro daga nan nake faɗawa ruwa. Tekun nan namu yana da iyakar abin da yake bayarwa. In aka ɗebi fiye da haka, sai ya ja da baya. Shi ya sa kakanninmu suka naɗa Mai Awo, ya faɗi abin da za a kama kowace shekara, a raba bisa murhu. Duk gidan da ake hura wuta yana da rabo."

"To me ya sauya?"

"Igiya," in ji Tabawa, ba ta ɗago daga tarun da take ɗinki ba. "Masu manyan jirage suka kawo wata doguwar igiya, suka sa aka mai da ita doka. Ranar awo, jirgin da ya kai tsawonta yana da rabo, mai shi kuma yana da kujera a majalisa. Wanda jirginsa ya fi na kowa tsawo shi ke yanka rabo, shi ke yanke hukunci. Mu masu kwale-kwale sai kala, abin da ya rage bayan sun ƙoshi."

Wanda ya fi kowa dogon jirgi wani attajiri ne, Madugu Zangina. Tun da aka kafa dokar, kujerar ba ta bar hannunsa ba.

Na zo musu a mugun lokaci. Kifi yana ƙwai, an rufe kamu, kalan bara kuma ya ƙare tuni. 'Yan sintirin birni sun bi tungaye sun ɗaure kowane taru a turke. Mutane suka koma cin ƙaguwar laka, wadda take kumbura ciki ta sa fata ƙaiƙayi. Kullum sai ka ji wani gida an kwashe kaya an bar gari. Ni ma da nake baƙo, duk lomar da Tabawa ta miƙo mini sai in karɓa da kunya, don na san daga bakin wani aka rage ta.

Wata safiya aka binne jaririyar maƙwabtansu. Da muka dawo Cindo ya ce zai shiga Mahaifa, wato lungun tekun da kifi yake zuba ƙwai. Dokar wurin ta girmi igiya, ta girmi birnin kansa. Duk jirgin da ya shiga, wuta ce makomarsa. In baƙo ne a ciki, a kore shi daga ƙasar har abada.

"Yaya, in ka taɓa Mahaifa, abincin baɗi ka ci," in ji Tabawa.

"Wanda ba zai kai baɗin ba fa?"

 Ni kuwa na tashi na ɗauko gorana da taruna, wanda 'yan sintiri ba su san da shi ba. Mutanen da suka fitar da ni daga bakin ƙaguwa ba zan bar ɗayansu ya tafi shi kaɗai ba.

Muka ja kwale-kwalen a kan laka har bakin ruwa. Gajimare ya sauko ya kwanta a kan teku, mutum ba ya ganin tsinin jirginsa. Muka bi tsakanin wasu duwatsu biyu masu tsawo, sai na ji ruwan ya yi ɗumi, na duba na ga ya yi ja kamar zoɓo. Ƙwai ne, ya cika ko'ina. Iyayen kifin suna yawo a hankali, wasu sun kai rumbu girma, suna goga jikinsu da jirginmu ba su san tsoron mutum ba. Cindo ya karɓi tarun. Ya jefa sau ɗaya a kan ƙananan kifi, na sauka a gefen dutse inda ba zurfi, ruwa zuwa cinya, ina taya shi ja.

A nan iska ta taso ta yaye gajimaren.

Gabanmu, kusa ƙwarai, wani jirgi ne tsaye kamar unguwa guda, tutar Zangina a bisansa. Sun baza taru mai ƙananan idanu wanda ko ƙwai ba ya tsere masa, suna ɗaga iyayen kifi da ƙugiyoyi, jini yana zuba ta gefen jirgin. Wani daga sama ya nuna mu, aka busa ƙaho, aka soma sauke ƙananan jirage.

"Kai ba su san ka ba," in ji Cindo. Ya cusa mini tarun a hannu. "Tafi. Ka gaya wa Tabawa abin da ka gani."

Na ɗaura tarun a ƙugu, na kwanta rub da ciki a kan gorana yadda muke yi a kogin garinmu, na jawo tarin ciyawar ruwa na lulluɓe kaina. Ina jin su suna dukan Cindo, ban isa in ɗaga kai ba. Jirgi ɗaya ya biyo ta inda nake. Wani ya soka gora mai tsini cikin ciyawar, ta wuce ta gefen kunnena, ya zare ya sake sokawa, ta tsaga mini riga. Na ciji leɓe na riƙe numfashi har idona ya soma ganin duhu. Suka wuce. Ruwa mai komawa ya ɗauke ni a hankali ya fitar da ni ta tsakanin duwatsun.

Da na isa tunga Tabawa ta dubi ƙafafuna ta rufe ƙofa. Sun rine jawur tun daga tafi har cinya. Ta ce rinin Mahaifa ba ya wankuwa sai wata ya juya, ta ba ni dogon wandon marigayi mijinta, ta naɗe mini ƙafa da tsumma. Kafin yamma labari ya iso. Za a yanke wa Cindo hukunci ranar awo, wadda ta matso. Za a ƙone jirginsa, kuma Zangina ya rantse ko kala Tungar Maje ba za ta sake gani ba.

Mutane suka taru a ƙarƙashin ɗakin Tabawa, wasu na kuka, wasu na shawarar inda za a nufa. Ita kuwa tana zaune tana haɗa guntayen tsofaffin taruna, ta ƙulla wannan da wancan. Can ta tsaya ta ƙura wa aikin ido.

"Doka ta ce jirgi ya kai tsawon igiya," in ji ta. "Ta ce daga itace guda za a sassaƙa shi?"

Ta ɗaga tarun da ta ƙulla ta nuna musu.

"Na Zangina ma katako ne aka harhaɗa. Mu ma muna da katako."

Washegari muka hau katakon sulu, ni da ita, muka bi tungayen gaɓa ɗaya bayan ɗaya. Wasu suka yarda nan take, wasu sai da ta yi ta lallashi. Inda muka fi sa rai shi ne Tungar Kwakwa, wurin wani Jatau, wanda ya fi kowa yawan kwale-kwale a gaɓar. Ya saurare ta har ƙarshe yana shafa gemu.

"Dabara ce, Inna Tabawa. In mun ci, yaya za a raba?"

"Bisa murhu, yadda ake yi da."

"A'a. Bisa kwale-kwale. Wanda ya kawo da yawa ya ɗauki da yawa."

"Matar da mijinta ya mutu, ba ta da jirgi fa?"

"Sai ta jira abin da ya rage."

Tabawa ta miƙe ta kakkaɓe zaninta. "Ashe kai da Zangina tsawon jirgi ne kawai ya raba ku, Jatau."

Ya hana jiragensa. A hanyar dawowa na shiga damuwa, don ba wanda ya san ainihin tsawon jirgin Zangina a cikinmu. Muna iya shan duk wahalar nan mu je mu gaza da kamu ɗaya.

Muka ja kwale-kwalen da muka samu zuwa bakin ruwa, maza da mata, laka har ƙirji, wasu na wurga wa ƙaguwa ruɓaɓɓen abu don a samu hanya. Aka jera su baki da wutsiya, aka ɗaure da igiyar kaba, aka shimfiɗa ƙyauren ɗakuna a kan kowace gaɓa inda biyu suka haɗu aka buga. Aka cire matuƙan duka, wato itatuwan da ake juya jirgi da su, aka bar guda a can baya. Tabawa ta zauna a wurin ta riƙe shi.

Safiyar ranar awo muka tashi. Ban taɓa shiga abin da ya ba ni tsoro kamar wannan jirgi ba. In igiyar ruwa ta zo sai ya lanƙwashe kamar maciji, kai ya hau sama, tsakiya ta nutse, ƙyamare suna kuka, igiyoyi suna ƙara kamar za su yi magana. Wanda yake gaba ba ya jin na baya, sai dai a miƙa magana baki da baki. Tsofaffi suna kwarfar ruwa da ƙorai, ba wanda yake ɗaga kai.

Muna hango hasumiyar birni, a daidai mashigar tashar jiragen ruwa inda ruwa biyu suke karo, na ji wani abu ya tsinke kusa da ni. Gaɓar tsakiya ce. Igiya ɗaya ta tafi, ta biyu tana warwarewa, ƙyauren ya tsage, jirgin ya soma buɗewa biyu. In muka shiga a rabe, guntaye biyu ne, kowane bai kai ba. Na kwance tarun mahaifina daga ƙugu na faɗa ruwa. Kwale-kwalen biyu suna haɗuwa suna rabuwa a saman kaina, in suka same ni a tsakani sai dai a kwashe. Na zura tarun ta hancin wannan, na nutsa na fito da shi ta wutsiyar wancan, na sake, na sake, har numfashina ya ƙare. Hannuwa suka karɓa daga sama suka ja suka ƙulle. Aka tsamo ni ina aman ruwan gishiri, jirgin kuwa ya shige tasha a haɗe.

Mutanen birni suka cika gaɓa suna dariya. Zangina yana zaune a kujerar majalisa ƙarƙashin rumfa, dogo mai sanyin murya, ya ko kalle mu sau ɗaya ya kau da kai.

"Wannan ba jirgi ba ne, Mai Awo," in ji shi. "Tarkace ne."

Mai Awo tsoho ne tukuf, yana dogara sanda. Ya sauko da kansa ya taka jirgin namu, ya bi shi a hankali yana taɓa kowace gaɓa.

"Matuƙinsa nawa?"

"Ɗaya, Baba," in ji Tabawa.

"A haɗe ya shigo?"

"Kowa ya gani."

"To ban san abin da zai hana shi zama jirgi ba. A kawo igiya."

Aka auna na Zangina, aka ƙulla alama inda ya tsaya. Aka zo namu. Ina tsaye ruwa yana ɗiga daga jikina, ina bin igiyar da ido tana tafiya daga kwale-kwale zuwa kwale-kwale, alamar tana matsowa, jiragen da suka rage suna ƙarewa. Wata tsohuwa kusa da ni ta rufe fuska da gyale. Alamar ta faɗi a cikin kwale-kwalen ƙarshe, gaban inda Tabawa take zaune, da abin da bai fi tsawon hannu ba. Namu ya fi nasa tsawo.

Mai Awo ya tambaya wane ne mai jirgin, mutanen tunga suka nuna ta. Zangina ya tashi daga kujerar. Tabawa ta hau ta zauna da lakarta a ƙafa.

Aka fito da Cindo a ɗaure, fuska a kumbure.

"Ga shari'arki ta farko," in ji Zangina. "An kama shi a Mahaifa. In kin sake shi don wanki ne, kowa ya ga irin adalcin da kika kawo."

Mutanenmu suka soma kiran a sake shi. Tabawa ba ta dube su ba, ni take kallo. Na san abin da take tambaya, na kuma san abin da zai biyo baya. Na ratsa duniya ina neman ruwan da ba ya ƙafewa, na same shi, na sami mutanen da suka ɗauke ni nasu. Duk da haka na fito tsakiya na warware tsumman, na naɗe wandon.

"Ba shi kaɗai ya shiga ba," na ce. "Ina tare da shi. Kuma a can muka tarar da jirgin Madugu yana kwasar iyayen kifi."

"Maganar baƙo ce, wanda bakinsa ya kama kansa," in ji Zangina. "Wa zai shaide shi?"

 Ma'aikatan babban jirgin suna jere a bakinsa, dukansu da dogayen wanduna duk da zafin rana. Na ga wani a cikinsu yana kallon tsohuwar nan mai gyale, ita ma tana kallonsa, ashe ɗanta ne. Ya sunkuya ya naɗe wandonsa. Jawur. Na kusa da shi ya yi haka, sai na gaba, har layin ya ƙare.

Tabawa ta yi magana ba ta ɗaga murya ba. Ta ce a ƙone jirgin Zangina da ya shiga Mahaifa. Ta ce daga bana rabo ya koma bisa murhu, na tunga da na birni, har da gidan Zangina, rabo ɗaya kamar kowa, har da Tungar Kwakwa da ta hana jiragenta. Wasu daga cikin namu suka yi gunaguni a kan wannan, ba ta kula su ba. Ma'aikatan da aka sa dole kuwa ta ce kowa ya koma gidansu.

Sannan ta ce a ƙone kwale-kwalen Cindo, baƙo kuma ya bar ƙasar kafin rana ta faɗi.

"Jirgin babanmu ne, Tabawa," in ji Cindo.

"Na sani, Yaya. In na bar naka, gobe ba ni da bakin hana kowa."

 Da aka kwance Cindo bai bari wani ya taɓa kwale-kwalen ba, shi ya karɓi wutar ya cinna da hannunsa, ya tsaya har ta kama sosai.

Doka ta hana mai kujera raka korarre, don haka daga nesa muka yi sallama da ita. Ta ɗaga mini hannu, ta yi saurin juyawa ga masu jiran a ƙidaya gidajensu. Cindo ne ya raka ni har bayan gari, tafin hannunsa baƙi da toka. Muka hau tudu.

"Za ka yafe mata?" na tambaye shi.

"Ba yau ba," in ji shi. "Amma wurinta zan ci tuwo, ina kuma zan je?"

"Tekun fa, zai dawo?"

"Wataƙila ba a idona ba."

Ya riƙe hannuna da nasa biyu, ya yi mini addu'ar hanya, ya juya. Na tsaya a kan tudun ina kallon tasha. Hayaƙi biyu ne suke tashi, ɗaya mai kauri kamar hadari, ɗaya siriri a gefensa, iska tana kaɗa su wuri ɗaya zuwa cikin teku. Na saɓa gorana na kama hanya.

Iyakar abin da na gani ke nan a gaɓar Dalma, ban ƙara ba, ban rage ba. Allah ya sa wutar kowane gida ta sami abin ɗorawa.